Shirin Tallafin Kare Gidaje daga Sanyi da Zafi na Amurka

Shirin Tallafin Kare Gidaje daga Sanyi da Zafi, wanda sunansa da Turanci shi ne Weatherization Assistance Program, ko WAP a taƙaice, shiri ne na gwamnatin tarayyar Amurka da ke gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi kyauta, domin rage makamashin da suke sha wajen ɗumama gida da sanyaya shi. An kafa shi a shekarar 1976, kuma Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ce ke kula da shi. Ma'aikatar tana ba jihohi kuɗi, su kuma jihohin su miƙa wa hukumomi da ƙungiyoyin yankuna kimanin 700, waɗanda su ne ke shiga gida-gida su yi aikin.

Shirin ba ya ba magidanci kuɗi a hannu, ba ya kuma biya masa kuɗin wuta ko na gas. Yana kashe kuɗi ne sau ɗaya a jikin ginin: a toshe kafofin da iska ke shiga, a sa abin tare zafi a rufi da bango, a gyara ko a sauya na'urar ɗumama gida, domin abin da iyali za su riƙa biya duk wata ya ragu na tsawon shekaru. Bisa alƙaluman ma'aikatar, an gyara gidaje sama da miliyan 7 tun daga kafa shirin, kuma kuɗinta na shekara-shekara yana isa gyaran gidaje kimanin 35,000.

Babbar ƙa'idar shirin ita ce, duk aikin rage shan makamashi da za a yi a gida sai lissafi ya nuna cewa zai mayar da kuɗin da aka kashe masa. A kan wannan ƙa'ida ce aka gina tsarin aikin gaba ɗaya, kuma a kanta ne aka samu saɓani tsakanin ma'aikatar da wasu masana tattalin arziki tun daga shekarar 2015.

## Ma'anar sunan

Kalmar weatherization ta samo asali ne daga kalmar Turanci ta weather, wato yanayi, aka ƙara mata ɗafa-ƙeya mai nuna aikatawa. A Turancin Amurka tana nufin shirya gini yadda sanyi, zafi, iska da danshin waje ba za su ratsa shi da sauƙi ba. A cikin wannan shiri ma'anarta ta faɗaɗa, har ta haɗa da gyaran na'urorin ɗumama gida da na ruwan zafi, sauya ƙwayayen fitila da firji, da kuma gwaje-gwajen lafiyar iskar cikin gida.

## Dalilin kafa shirin

A yawancin sassan Amurka ana yin sanyi mai tsanani na watanni, har ruwa ya daskare, a kudanci kuwa ana fama da zafi da gumi a lokacin bazara. Ɗumama gida da sanyaya shi su ne ke cinye fiye da rabin makamashin da gida ke amfani da shi a ƙasar. Ana ɗumama gidaje da iskar gas, lantarki, gas na silinda, man ɗumama gida mai kama da dizal, ko itace.

Masu bincike suna amfani da ma'aunin da ake kira nauyin kuɗin makamashi, wato kason da kuɗin wuta, gas da mai ke ci daga abin da iyali ke samu. Idan ya wuce kashi 6 cikin 100 ana ɗaukarsa a matsayin mai yawa, idan ya wuce kashi 10 kuma ana cewa ya yi tsanani. Wani rahoto da ƙungiyar ACEEE ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa matsakaicin gida mai ƙaramin ƙarfi yana kashe kashi 8.1 cikin 100 na samunsa a kan makamashi, alhali sauran gidaje suna kashe kashi 2.3 ne kawai. Rahoton ya kuma nuna cewa nauyin da ke kan gidajen baƙar fata ya fi na farar fata da kashi 43 cikin 100.

Abu biyu ne ke jawo haka. Na farko ƙarancin samu. Na biyu shi ne irin gidajen da talakawa ke zama a ciki: galibi tsofaffi ne, masu tsage-tsage a bango da gefen taga, babu abin tare zafi a rufinsu, na'urorinsu kuma sun tsufa. Irin wannan gida yana shan makamashi mai yawa, amma duk da haka ba ya ɗumi. Iyalin da kuɗi ya yanke musu sukan rage abinci ko magani domin su biya kuɗin gas, wasu kuma su bar murhun girki a kunne domin ɗumama ɗaki, abin da ke haddasa gobara da shaƙar iska mai guba.

## Tarihi

### Asali

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka dakatar da sayar wa Amurka da wasu ƙasashe mai. Kafin a ɗage takunkumin a watan Maris na 1974, farashin gangar mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Abin ya fi shafar jihohin arewa maso gabas, inda gidaje da yawa suka dogara da mai wajen ɗumama ɗaki. A jihar Maine, ƙungiyoyin taimakon al'umma suka fara shiga gidajen tsofaffi da matalauta suna toshe kafofin iska, da tallafin gwamnatin tarayya. Irin waɗannan ƙungiyoyi an kafa su ne tun 1964, a ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci na Shugaba Lyndon Johnson, kuma har yau su ne mafi yawa a cikin masu gudanar da aikin.

A ranar 14 ga Agustan 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar tattalin makamashi da samar da shi, wadda sashenta na huɗu ya kafa shirin a matakin ƙasa. Da aka ƙirƙiri Ma'aikatar Makamashi a shekarar 1977, sai shirin ya koma ƙarƙashinta.

### Sauye-sauyen aikin

A shekarun farko aikin na wucin gadi ne kuma mai araha. Ana lulluɓe tagogi da leda, a liƙe tsage-tsage da danƙo, a sa roba a gefen ƙofa. Yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne da ma'aikatan wucin gadi da gwamnati ta ɗauka a ƙarƙashin wata dokar samar da aikin yi ta 1973.

A shekarun 1980 aka karkata zuwa ayyuka masu ɗorewa, kamar ƙarin gilashin taga da sa abin tare zafi a saman silin, aka kuma ba da damar gyara na'urorin ɗumama gida da sauya su. A shekarun 1990 aka shigo da gwajin gida da na'urori da lissafin kwamfuta, sannan aka yarda a yi ayyukan rage zafi a jihohin kudu. Dokar makamashi ta 2005 ta ba da damar kashe wani kaso a kan na'urorin makamashi mai sabuntuwa, kamar na hasken rana.

### Manyan kuɗaɗen 2009 da 2021

A watan Fabrairun 2009, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar farfaɗo da tattalin arziki, wadda ta ware wa shirin dala biliyan 5, ninkin-ba-ninkin abin da ya saba samu. Dokar ta ɗaga iyakar samun waɗanda suka cancanta daga kashi 150 zuwa kashi 200 cikin 100 na ma'aunin talauci, ta kuma ɗaga matsakaicin abin da za a kashe wa gida ɗaya daga dala 2,500 zuwa dala 6,500.

Da farko aikin ya yi tafiyar hawainiya. Hukumomin yankuna ba su da isassun ma'aikata masu horo, kuma an daɗe ana jiran a tsayar da mafi ƙarancin ladan da za a biya leburori bisa dokar ƙwadagon kwangilolin gwamnati. Rahoton Sufeto Janar na ma'aikatar na watan Fabrairun 2010 ya nuna cewa bayan shekara guda, abin da aka ciro daga kuɗin bai kai kashi 8 cikin 100 ba. Ofishin ya kuma gano ayyuka marasa inganci a wasu jihohi, ciki har da Illinois. Daga baya aikin ya kankama, har aka gyara gidaje kimanin miliyan 1 a wannan zango.

Dokar makamashi ta 2020 ta sabunta izinin shirin, ta kuma yarda a sake gyara gidan da ya shekara 15 da samun tallafin. A watan Nuwamban 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar gina ababen more rayuwa, wadda ta ƙara wa shirin dala biliyan 3.5.

Shirin ya sha fuskantar barazanar sokewa. Kasafin kuɗin da gwamnatin George W. Bush ta gabatar a 2008 da wanda gwamnatin Donald Trump ta gabatar a 2017 duk sun nemi a daina ba shi kuɗi, amma Majalisar Dokoki ba ta amince ba.

## Gudanarwa da kuɗi

Majalisar Dokoki ce ke ware kuɗin kowace shekara. A farkon shekarun 2020 kuɗin ya ɗan haura dala miliyan 300 a shekara. Ana raba shi ga jihohi 50, gundumar babban birnin Washington, yankuna biyar da ke ƙarƙashin Amurka, wato Puerto Rico, Guam, Samoa ta Amurka, tsibiran Virgin da tsibiran Mariana ta Arewa, da kuma wasu al'ummomin 'yan asalin ƙasar.

Rabon ya dogara ne da abu uku: yawan gidajen masu ƙaramin ƙarfi a jiha, tsananin sanyi da zafinta, da kuma abin da talakawanta ke kashewa a kan makamashi. Kowace jiha tana rubuta tsarin aikinta na shekara, a saurari ra'ayin jama'a a kansa, sannan ta miƙa wa ma'aikatar. Doka ta iyakance matsakaicin abin da za a kashe wa gida ɗaya, ana kuma ɗan ƙara shi duk shekara saboda hauhawar farashi. A shekarar 2022 ya haura dala 8,000. Da yake matsakaici ne, ana iya kashe wa wani gida fiye da haka, wani kuma ƙasa da haka.

Jihohi da yawa suna haɗa wannan kuɗi da na wasu hanyoyi, musamman gudummawar kamfanonin wuta da gas, da kuma kason da ake cirowa daga shirin LIHEAP. Saboda haka yawan gidajen da ake gyarawa a shekara ya fi adadin da kuɗin ma'aikatar kaɗai ke biya.

## Waɗanda suka cancanta

Iyali sun cancanta idan samunsu na shekara bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba. A shekarar 2024 ma'aunin ya kasance dala 31,200 ga iyali mai mutum huɗu, wato iyakar cancanta ita ce dala 62,400. Ma'aunin jihohin Alaska da Hawaii ya fi haka. Waɗanda ke karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati, kamar na tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, sun cancanta kai tsaye.

Gidajen da suka cancanta sun haura miliyan 30, adadin da ya yi wa kuɗin shirin nisa ƙwarai. Don haka ake fifita:

- tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama;
- masu buƙata ta musamman;
- iyalai masu ƙananan yara;
- gidajen da ke shan makamashi fiye da kima;
- gidajen da nauyin kuɗin makamashi ya yi musu yawa.

A wurare da dama mai nema yakan jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin layi ya zo kansa.

Ɗan haya ma yana iya nema, amma sai da amincewar mai gida a rubuce. Gidajen haya suna da wata matsala ta daban: mai gida ba shi ke biyan kuɗin wuta ba, don haka bai damu da gyaran ba, ɗan haya kuma ba zai zuba kuɗinsa a ginin da ba nasa ba. Ƙa'idar shirin ta hana mai gida ƙara kuɗin haya na wani lokaci saboda gyaran da aka yi. A benen da iyalai da yawa ke zaune, ana gyara ginin duka idan kashi 66 cikin 100 na mazauna sun cancanta, ko kashi 50 a ginin iyalai biyu ko huɗu.

## Yadda ake gudanar da aikin

### Binciken gida

Bayan an tantance takardun mai nema, ana tura ƙwararren mai binciken makamashi. Yakan duba takardun kuɗin wuta da gas na baya, ya auna ginin, ya hau saman silin, ya shiga ƙarƙashin gida, ya kuma gwada na'urori.

Babban kayan aikinsa shi ne fankar ƙofa. Wata ƙaƙƙarfar fanka ce da ake ɗaurawa a ƙofar shiga gida bayan an rufe sauran ƙofofi da tagogi. Fankar tana zuƙe iskar ciki zuwa waje har bambancin matsin iska ya kai faskal 50, kwatankwacin iska mai gudun kilomita 32 a awa tana bugun gidan ta kowane ɓangare. A wannan hali iskar waje takan kutso ta kowace kafa, sai a auna yawanta, a kuma gano wuraren da take shigowa. Ana haɗawa da kyamara mai ganin zafi, wadda ke nuna sassan bangon da zafi ke zurarewa.

### Lissafin riba

Ana shigar da sakamakon cikin manhajar kwamfuta. Fitattu su ne NEAT, ta gidajen iyali ɗaya, da MHEA, ta gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota. Cibiyar binciken ƙasa ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee ce ta samar da su. Manhajar tana ƙiyasta kuɗin da kowane aiki zai rage a tsawon rayuwarsa, ta raba shi da kuɗin yin aikin. Idan amsar ta kai 1 ko fiye, an yarda a yi aikin. Idan ba ta kai ba, ba a yi.

Misali, a ce sa abin tare zafi a saman silin zai ci dala 1,500, zai kuma rage dala 120 a shekara har shekara 20. Jimillar ragin dala 2,400 ke nan, wato amsar 1.6 ce, ko da yake manhajar takan rage ta kaɗan saboda kuɗin gobe bai kai na yau daraja ba. Wannan lissafi ne ya sa ba kasafai ake sauya tagogi ba, duk da cewa su ne abin da magidanta suka fi nema: sabuwar taga tana da tsada, ragin da take kawowa kuma kaɗan ne.

### Ayyukan da aka fi yi

Toshe kafofin iska. Iska mai ɗumi takan tashi sama ta fice ta kafofin silin, ta jawo mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Shi ya sa ake fara toshe kafofin sama da na ƙasa, musamman inda bututu da wayoyi suka ratsa, da danƙo ko kumfa mai daskarewa.

Shamakin zafi. Zafi kullum yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi. Shamakin zafi abu ne mara nauyi mai riƙe iska a cikinsa, wanda ke rage saurin wannan tafiya, kamar yadda bangon kular abinci ko filas ɗin shayi ke yi. A lokacin sanyi yana riƙe ɗumi a ciki, a lokacin zafi kuma yana tare na waje. An fi amfani da audugar gilashi, da kuma niƙaƙƙun tsofaffin jaridu da aka haɗa da sinadarin hana kama wuta da ƙwari. Ana hura su a saman silin, ko a huda bango a cusa su ciki.

Na'urorin ɗumama gida da na sanyaya shi. Ana wanke su, a daidaita su, a gyara, ko a sauya su idan sun lalace. Ana kuma liƙe bututun da ke rarraba iska zuwa ɗakuna, domin idan suna yoyo, ɗumin yakan ƙare a saman silin.

Ruwan zafi da lantarki. Ana naɗe tankin ruwan zafi da bututunsa, a sa kan shawa mai rage zubar ruwa, a sauya ƙwayayen fitila da na LED, wani lokaci a sauya tsohon firji.

A jihohi masu zafi ana ƙara inuwar taga, fankoki, da fentin rufi mai haske wanda ke mayar da hasken rana.

### Dubawar ƙarshe

Idan an gama, ana sake gwajin fankar ƙofa domin a ga yawan ragin da aka samu. Tun daga 2015 wajibi ne mai duba inganci mai takardar shaida ya duba kowane gida kafin a ce an kammala. Jiha ma tana sake duba aƙalla kashi 5 cikin 100 na gidajen. Ana kuma koya wa mazauna yadda za su kula da sababbin kayan.

## Lafiya da kariya

Gidan da aka toshe sosai yana iya tara danshi, hayaƙi da iska mai guba. Saboda haka ana gwada duk na'urar da ke ƙona gas, mai ko itace, a tabbatar hayaƙinta yana fita waje. Abin da aka fi tsoro shi ne iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa. Ana sa na'urorin gargaɗin hayaƙi da na wannan iska, a kuma sa fankar fitar da iska a banɗaki ko kicin domin iska mai tsabta ta riƙa shigowa daidai gwargwado.

A gidajen da aka gina kafin 1978, shekarar da aka hana fenti mai dalma a gidajen zama, ma'aikata suna bin matakai na musamman domin ƙurar fentin kada ta cutar da yara. Ayyukan lafiya da kariya suna da kasonsu na kuɗi daban, kuma ba a bi da su ta lissafin riba.

## Gidajen da ake jinkirtawa

Shirin ba na gyaran gini ba ne gaba ɗaya. Idan mai bincike ya tarar rufi yana yoyo, ko fumfuna ta kama bango, ko wayoyin lantarki sun tsufa har suna da haɗari, ko akwai asbesto, ko ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gida, yakan jinkirta aikin har sai mai gida ya gyara. Dalili shi ne shamakin zafi da ya jiƙe ba ya aiki, kuma rufe tsofaffin wayoyi da shi yana iya tada gobara.

Sakamakon haka shi ne, gidajen da suka fi lalacewa, waɗanda galibi na mafi talauci ne, su ne ake bari a baya, domin masu su ba su da kuɗin gyaran farko. Don rage wannan matsala, a shekarar kuɗi ta 2022 Majalisar Dokoki ta ware dala miliyan 15 na musamman domin irin waɗannan gyare-gyare, ta kuma ƙara adadin a shekarar da ta biyo baya.

## Sakamako da muhawara

A shekarar 2015 cibiyar Oak Ridge ta fitar da sakamakon wani babban nazari na ƙasa baki ɗaya. Bisa nazarin, gidan da aka gyara yana samun ragin dala 283 a shekara a matsakaici, adadin da ma'aikatar ta mayar dala 372 daga baya saboda hauhawar farashi. Makamashin ɗumama gida yana raguwa da kimanin kashi 18 cikin 100, lantarki kuma da kashi 7. Ma'aikatar ta ce kowace dala ɗaya da aka kashe tana dawo da dala 1.72 ta fuskar makamashi, da dala 2.78 ta wasu fuskoki, kamar raguwar zuwa asibiti saboda asma, raguwar fashin aiki, da raguwar gobara.

A wannan shekarar ce kuma masana tattalin arziki uku, Meredith Fowlie, Michael Greenstone da Catherine Wolfram, suka fitar da nasu binciken a kan gidaje kimanin 30,000 a jihar Michigan, wanda mujallar Quarterly Journal of Economics ta buga a 2018. Sun zaɓi wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a aka ƙarfafa musu gwiwar nema, sannan suka kwatanta su da sauran. Sun gano cewa shan makamashi ya ragu da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, amma kuɗin da aka kashe, kimanin dala 5,000 a gida, ya ninka darajar makamashin da aka rage kusan sau biyu. Hasashen manhajar kwamfuta kuma ya ninka ragin gaskiya kusan sau uku. Ba su samu shaidar cewa mazauna sun ƙara ɗumama ɗakunansu bayan gyaran ba, wanda shi ne bayanin da aka saba bayarwa idan ragi bai kai hasashe ba. Sun kuma lura cewa duk da aikin kyauta ne, kuma an bi mutane har gida, waɗanda suka kai ga samun gyaran ba su wuce kimanin kashi 6 cikin 100 ba.

Ma'aikatar da masu goyon bayan shirin sun mayar da martani cewa binciken na jiha ɗaya ne, an yi shi a lokacin da aka faɗaɗa aikin cikin gaggawa kuma gas ya yi araha, sannan bai ƙirga amfanin lafiya ba. Masu suka kuma sun ce alƙaluman lafiyar da ma'aikatar ke dogaro da su sun ginu ne galibi a kan amsoshin da mazauna suka bayar.

Wani bincike da aka yi daga baya a jihar Illinois ya duba inda giɓin ke fitowa. Ya nuna cewa mafi yawansa yana zuwa ne daga kuskuren hasashen manhaja, musamman a kan shamakin zafi na bango, da kuma bambancin ingancin aikin 'yan kwangila, yayin da halayen mazauna suka taka ƙaramar rawa. Wannan ya sa hankali ya ƙara karkata ga gyara manhajojin, horar da ma'aikata, da zaɓen gidajen da za su fi samun ragi.

## Bambancinsa da LIHEAP

Sau da yawa ana rikita WAP da LIHEAP, shirin da aka kafa a 1981 a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da Jin Daɗin Jama'a. LIHEAP yana taimaka wa iyali ne wajen biyan kuɗin ɗumama gida ko sanyaya shi na shekarar da ake ciki, da kuma hana a yanke musu wuta ko gas. Kuɗinsa ya kai biliyoyin daloli a shekara, yana kuma kai wa ga miliyoyin gidaje. Doka ta yarda jiha ta karkatar da kashi 15 cikin 100 na kuɗin LIHEAP zuwa gyaran gidaje, ko kashi 25 idan ta samu izini na musamman. A wurare da yawa hukuma ɗaya ce ke karɓar takardun neman shirye-shiryen biyu.

## Makamantansa a wasu ƙasashe

A Ingila an gudanar da shirin Warm Front daga 2000 zuwa 2013, sannan aka maye gurbinsa da tsarin da ke wajabta wa manyan kamfanonin makamashi biyan kuɗin gyaran gidajen marasa ƙarfi. Ireland tana da shirin Warmer Homes, wanda ke gyara gidajen masu karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati kyauta. New Zealand ta fara babban shirinta a 2009, ta sabunta shi a 2018 da sunan Warmer Kiwi Homes. Faransa ta ƙaddamar da MaPrimeRénov' a 2020, inda yawan tallafin ke ƙaruwa gwargwadon ƙarancin samun iyali.

A Afirka ta Kudu, aikin Kuyasa da ke unguwar Khayelitsha a birnin Cape Town ya sa silin mai tare zafi, tankin ruwan zafi mai aiki da hasken rana, da fitilu masu tattalin wuta a gidajen talakawa sama da 2,300.

## Duba kuma

- Tattalin makamashi
- Talauci a Amurka
- Rikicin man fetur na 1973
- Sauyin yanayi